Kawu da Kofunansa na Tangaran

Kawu ya rasu ranar Laraba bayan azahar, a ƙarshen damina, kogin Kwara ya cika har ya shiga gonakin shinkafa na bakin gaɓa. Ina cikin aji a Madekali ina koyarwa, sai na ga mijina ya zo ya tsaya bakin taga, ya cire hula yana murzawa. Na ajiye allin. Kafin babur ɗin kabu-kabu ya kai mu Malanbil an riga an yi masa wanka.

Wanda na fara gani a ƙofar gida mai burodin unguwarmu ne, tsohon abokinsa, mutumin Dandi. Yana zaune a ƙasa, an kawo masa tabarma ya ƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da Dandanci, sannan ya juya Hausa ya ce, “Ɗiyata, shekaranjiya na kai masa burodi, ya ce gishiri ya yi yawa. Na ce masa bakinsa ne.” Ranar bai hura wuta ba, washegari ma haka, unguwa ta kwana biyu ba burodi kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Wani tsohon direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsallako gada daga Gaya da sandarsa. Wani ɗan kasuwa daga Kamba ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da shi, amma sai a wurin jana'iza ya fara jin sunansa na yanka, shi Mai Kofi kawai ya san shi. A cikin gida kuma, wata mai sayar da albasa ta kwance bakin zanenta ta fito da kofi fari wanda hannunsa ya karye tuntuni, ta ɗora shi a cinya. Ta ce wa matan da ke kusa da ita, “Ni ban yi lakkwal ta boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Amma ko cikin takarda ɗari aka rubuta sunana zan nuna shi. A jikin wanga na koya.”

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa, kuma a gidanta ya rasu. Ba ta yi kuka ba a ranar. Ta share ɗakinsa, ta naɗe tabarmarsa, ta ɗaure burusansa da zare ta sa cikin gwangwani. Sai ranar uku, tana tsakiyar raba wa baƙi abinci, ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, “Yanzu babu sauran wanda ya san ni ina yarinya.” Aka karɓi ludayin aka zaunar da ita.

Ranar bakwai malamin da ya yi addu'a ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Inna ta dube ni, na dube ta. Allah ya saka wa malam da alheri, da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma Kawu ba mai sanyin hali ba ne, kuma an ji kansa da mutane da yawa. Na ji tsoron nan da 'yan shekaru abin da zai rage mana shi ne wannan mai haƙurin da ba mu sani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wanda na sani.

Ba da kofi ya fara ba. Aikinsa na ƙuruciya fentin motoci ne. Manyan kamyo da ke jere suna jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su, shi ke hawa tsani ya rubuta musu suna a goshi, ya yi musu furanni a ƙofa, ya rubuta addu'ar da mai mota ya zaɓa a baya. Direbobi kan ce daga nesa suke gane hannunsa. Ina koleji lokacin da tsani ya zame da shi, ya faɗo kan ƙarfe, ƙashin ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke amma ta gajarce, tsani kuwa ya yi bankwana da shi ke nan.

Wata huɗu ya yi a kwance, kuma wanda ya sha wahalar wannan kwanciya fiye da shi matarsa ce, wadda muke kira Iya. In kunu ya yi zafi faɗa, in ya huce faɗa. Ya taɓa jifan ƙofa da kwano don an buɗe taga ba a tambaye shi ba. Iya kuwa sai ta ɗauko maficinta ta zauna ta ci gaba da yi masa fifita.

Inna na sayar da kwanoni da tangaran a kasuwa. A wannan shekarar rumfarta na yoyo, sai ta kawo kwali guda na fararen kofuna ta ajiye a ɗakin Kawu. Sun ƙi sayuwa ne don ba su da ko ɗigon ado. Wata rana Iya ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar ya jawo kwalin da sandarsa, ya buɗe ragowar gwangwanayen fentin mota, yana riƙe da kofi guda kusa da hancinsa. Ya zana mafici a jiki, da kalar saƙarsa, har da wurin da bakinsa ya fara warwarewa. A ƙasa ya rubuta sunanta. Ya miƙa mata yana kallon bango ya ce, “Ungo.” Iya ta gaya mini daga baya cewa a tsawon zamansu ba ta taɓa jin ya ce ta yi haƙuri ba, wannan ungo ɗin ne kaɗai, kuma ta karɓa.

Fentin bai yi sati ba ya wanke. Mai burodi ne ya ce a gwada wuta. Sun fasa kofuna da dama kafin su gane lokacin da ya dace: da hantsi, bayan an kwashe burodin ƙarshe, tanda ta huce har mutum na iya zura hannu ya ɗan jima. Kowane kofi da ya fashe sai sun yi musu kan wanda ya jawo. Kawu ya ce wuta ce, mai burodi ya ce tangaran ɗin ne maras kyau. Haka suka yi ta yi har tsufa.

Tun daga nan zauren gidansa ya zama wurin aikinsa. Yakan zauna kan fatar rago daga bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ƙafar da ta gajarce a miƙe, daga bayan karin kumallo zuwa kiran azahar. Burusansa da kansa yake yi, da gashin wutsiyar akuya ɗaure a kan tsinke. Ba shi da tebur na jera kaya, don ba ya zana kofi sai an zo an ce ga wanda za a ba. Kuma ba a zuwa masa a tsaye. Sai ka zauna, an zuba maka shayi, sannan ya fara tambaya. Wane ne? Mi yake yi? Mi yake so? Mi ya rasa? Masu gaggawa ba su jure masa, shi ma ba ya jure musu.

Na taɓa zuwa gaishe shi na tarar da wani magidanci, ma'aikacin ofis, sanye da riga mai guga, yana son a yi wa mahaifinsa kofi na dawowa daga asibiti.

Kawu ya ce, “Mi babanka yake so?”

Mutumin ya ce, “Kome aka yi masa zai so. Ka sa fure kawai da sunansa.”

“Ban tambaye ka fure ba. Da safe in ya tashi, ina yake kallo? In ya yi shiru, tunanin mi yake?”

Mutumin ya yi dariyar jin kunya ya ce gaskiya bai sani ba.

Kawu ya mayar da burushi cikin gwangwani ya ce, “To koma ka zauna da shi. In ka sani ka dawo.”

Na ɗauka ya tafi ke nan. Bayan sati sai ga shi, wannan karon ya cire takalmi ya zauna tun ba a ce masa ba. Ya ce ashe mahaifinsa da kwale-kwale ya ciyar da su suna ƙanana, fito yake yi da mutane da kaya, kuma har yau in damina ta yi yakan tambayi masu zuwa gaishe shi inda ruwa ya kai. Shi ɗan bai taɓa sanin yadda aka yi ya rabu da jirgin ba sai wannan satin. Kawu ya zana kwale-kwale baƙi, da sandar tuƙi a jingine, ruwa shuɗi a ƙasa, ba kowa a ciki. An ce tsohon ya riƙe kofin ya yi ta ba da labarin kogi har aka kira magariba.

Ba ya zana mutum ko dabba. Abubuwan hannu yake zanawa: sikelin mai awo, keken ɗinki, almakashi, tulu, damin albasa, allo da tawada. Suna kuwa, da ajami ko da boko, gwargwadon wanda mai kofin zai iya karantawa. Kuma kullum a gefen da zai fuskanci mai sha idan ya riƙe da hannun dama yake rubuta shi. Wani ya taɓa cewa a juya sunan waje don mutane su gani. Kawu ya ce, “Mutane sun san sunanta. Ita ce ake so ta gani, ta san an tuna da ita.”

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ya shiga ɗakin amarya ya ga kofinsa a cikin kabad an jera shi tare da kwanonin ado. Zai nuna da sanda ya ce a sauko da shi, a wanke, a kawo masa ruwa a ciki. Ya sha ya miƙa ya ce, “Na buɗe miki shi. Gobe ki sha kunu.” In aka ce ana tsoron ya fashe ne, sai ya ce in ya fashe a kawo masa labari zai yi wani, amma bai ɓata safiyarsa don gizo-gizo ya sami ɗaki ba. Amare da yawa sun ji haushinsa. Wasu in sun ji ƙarar sandarsa a zaure sai su yi maza su sauko da kofin su jiƙa shi.

Rigimarsa mafi girma da Inna ya yi ta, kuma ina ganin duk su biyun suna da laifi. Lokacin wani zaɓe ne, gari ya cika da ganguna da riguna masu hoto. Wani mai yi wa ɗan takara hidima ya zo rumfar Inna ya ce yana son kofi ɗari uku, kowanne da alamar ƙungiyarsu, za a raba wa mata. Inna ta yi murna. Shekarar ciniki ya yi mata nauyi, ga shi kuma yayanta zai sami aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Ba ta tambaye shi ba ta amsa, ta aika aka kawo kwalaye daga Kwatano, sannan ta zo da mutumin zaure.

Kawu ya saurare su har suka gama. Ya ce, “Su wane ne matan?”

Mutumin ya ce mata ne dai na unguwanni.

“Ni ban san mata ɗari uku ba. Kai ma ba ka san su ba.”

Inna ta ce, “Yaya, ba suna za ka sa ba, alama guda ce. Ka yi guda, sauran ka bi.”

Ya ce, “Auta, wanga aikin hatimi ne. A nemo mai hatimi.”

Da a nan ya tsaya da an wuce wurin. Amma mutumin ya ce a faɗi ko nawa ne, Inna kuma ta ce masa kada ya damu, yayanta haka yake, za ta shawo kansa. Wannan ne ya tunzura Kawu. A gaban baƙo, da masu shan shayi biyu da ke zaune, ya ce da ƙanwarsa ita in aka sa mata farashi mai kyau ko sunan mahaifiyarsu za ta sayar. Inna ta miƙe ta ce, “Da ba don kwalina ba da har yanzu kana kwance kana jifan ƙofa da kwano.” Ta fita.

Shekara guda da wata biyu ba su yi magana ba, gidajensu kuwa katanga ɗaya ta raba. Sallah biyu ta wuce, sai dai Iya ta kai tuwo can, ni in kawo nama nan. Na je na roƙe shi, ya ce mini maganar manya ce. Na roƙi Inna, ta ce ita ƙarama ce, amma ba ita ta fara ambaton mamaciya ba. Kwalayen nan suna jibge a tsakar gidanmu an rufe su da leda, kowa na kewaye su.

A cikin wannan shekarar na yi haihuwar fari. Na zo gida wurin Inna, na haifi mace. Kwana biyar ta yi a duniya, zazzaɓi ya kama ta da safe, kafin la'asar ta tafi. Ba a kai ga suna ba. Da maza suka dawo daga maƙabarta sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Kawu ya shigo har rumfar da muke zaune, ya tsaya. Inna ba ta ɗago kai ba, ta dai matsa gefe a kan tabarma. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafarsa. Can ta ce, “Yaya, ka ci wani abu yau?” Ya ce a'a. Ta tashi ta ɗora ruwa. Ban taɓa jin ɗayansu ya sake ta da maganar ba. Bayan 'yan kwanaki na ga an kwashe kwalayen zuwa zaurensa, da su ya yi aiki na shekaru.

Ni kuwa kowa ya yi mini nasiha iri ɗaya. Ki yi haƙuri, ke yarinya ce, Allah zai ba ki wasu. Gaskiya suka faɗa, ya ba ni huɗu. Amma a lokacin abin da ke cina shi ne ba wanda ke ambatonta. Ba ta da suna da za a kira, aka kwashe 'yan kayanta aka ɓoye, sai ka ce ban yi wata tara ba. Na koma Madekali, ina shiga aji ina fita, ba na cin abinci sosai, mijina ya rasa yadda zai yi da ni.

Wata uku bayan nan Kawu ya aiko a ce in zo. Na same shi shi kaɗai a zaure, ya sallami masu shayi. Ya zura hannu bayan buhu ya fito da wani ƙaramin kofi naɗe cikin tsumma. Ya zana masa zanen goyo, shuɗi mai ratsin fari, irin wanda Iya ta saya mini. Wurin suna babu kome.

Ya ce, “Tun ranar da aka haife ta na yi shi. Ina jiran ranar suna in cika.” Ya juya kofin a hannunsa. “Na so in fasa shi, na kasa. Ɗiyata, wane suna kika riƙe mata a ranki?”

Ba wanda ya taɓa tambayata, har mijina. Na buɗe baki na faɗi sunan, karo na farko da ya fita daga bakina, sai kuka ya zo. Bai ce in yi shiru ba. Ya tsoma burushi ya rubuta, a hankali, yana jan kowane harafi kamar yadda yake yi wa manyan mutane. Da ya gama ya maimaita sunan da ƙarfi, ya yi mata addu'a da shi. Sannan ya ce, “Gobe da hantsi ki biya wurin mai burodi ki karɓa.” Ba zan rubuta sunan a nan ba. Yarana sun san shi, sun kuma san suna da yaya.

Iya ta riga shi da shekara shida. Bayan rasuwarta ya rame, faɗansa ma ya ragu, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Inna ta sa aka fasa ƙofa a katangar da ke tsakaninsu, daga baya ta ce ya dawo ɗakin da ke kusa da nata gaba ɗaya. Ya yi gardama kwana biyu ya dawo. Ɗansa guda ne, yana aiki a Kwatano, yakan zo da sallah. Wata shekara ya kawo masa tsaraba: kofi da aka buga hoton Kawu a jiki da mashin ɗin bugawa, har da hula da gemu, kamar zai yi magana. Ya yi ne don ya faranta masa. Kawu ya juya shi ta ko'ina ya ce aikin ya yi tsabta ƙwarai, Allah ya yi albarka. Da ɗan ya fita sai ya dube ni ya ce, “Yanzu ni zan kafa baki a kaina in sha ruwa?” Ya zuba burusa a ciki.

Sannan hannunsa ya fara rawa. Da farko yakan dafe gwiwar hannu a cinya, ya riƙe numfashi, layin ya fita. Daga baya ko hakan bai isa ba. Aikinsa na ƙarshe na wata amarya ne, ɗiyar maƙwabta. Sau uku yana rubuta sunan yana gogewa. A na huɗu ya kira uwar yarinyar ya mayar mata da farin kofinta ya ce, “Ki kai wa masu mashin ɗin bugawa, suna bakin tasha.” Ta ce ko a karkace ne suna so, albarkar hannunsa suke nema. Ya ce sunan mutum ba a ba shi a karkace. Ya rufe gwangwanayen, ya sa aka tura su ƙarƙashin gado. Daga ranar zaman zaure ya ƙare, sai dai ya zauna a tsakar gida yana kallon Inna tana tsince shinkafa, suna musu kan shekarar da aka yi abu kaza.

A hutun da ya wuce ne na lura da abin da ya kamata in lura da shi tuntuni. Ina ba shi magani, sai na ga da wata tsohuwar moɗar ƙarfe mai lotsattsen gindi yake sha. Na tambayi Inna, ta ce ai da ita yake sha tun Iya na da rai. Duk kofunan da suka fita daga hannunsa, ba wanda ya taɓa zana masa ko guda da hannu, shi ma bai yi wa kansa ba.

Na jawo gwangwanayen a ɓoye na kai gidana. Ban iya zane ba, abin da na sani rubutun allon aji ne. Na ɓata kofi biyu. A na uku na zana tsani a jingine da gefen mota, don na tuna ko da yaushe ya ji ƙarar kamyo sai ya juya kai. Na rubuta sunansa da ajami ta gefen mai sha. Mai burodi ya gasa mini, yana ta murmushi, ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Ranar Asabar na kai masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Inna ta bar shinkafarta ta zo ta tsaya.

Ya ce, “Wa ya yi wanga?”

Na ce ni ce.

“Tsanin nan in mutum ya hau shi zai faɗo. Ƙafa guda ta fi guda.” Ya juya. “Kin cika burushi da fenti. Ga shi nan ya yi hawaye a gindin harafi. Kuma kin yi gaggawa a ƙarshe.”

Na ce zan sake wani.

Ya sa babban yatsa yana shafa matakan tsanin ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Sai ya ce, “Auta, akwai sauran kunu?” Inna ta kawo, ta zuba masa a ciki. Hannunsa na rawa, na tallafe gindin kofin, ya sha har ya kusa ƙarewa, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Da shi ya yi ta sha sati biyar da suka rage masa. Zuwana na ƙarshe, da zan tafi na ce masa na sayi wani farin kofi, Asabar mai zuwa zan zo da shi ya nuna mini yadda ake jan layi. Ya ce to, in zo da wuri kafin rana ta yi zafi, akwai kuma abin da ake ɗigawa cikin fenti da bai taɓa gaya wa kowa ba, zai nuna mini. Na ce sai Asabar. Ya ce Allah ya kai mu.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta ba ni kofin. Da na wanke shi sai na ga fentin ya fara ɓarewa, matakala biyu na tsanin sun tafi, harafin farko na sunansa ya ɗago. Na kai wa mai burodi na tambaye shi ko wutar ce ba ta isa ba. Ya duba, ya kankare gefe da farce, ya girgiza kai. Ya ce wuta ta yi daidai, haɗin fentin ne, kuma shi shekarun nan duka gasawa kawai yake yi, bai taɓa tambaya ba. Muka tsaya a bakin tanda ni da shi, kofin na hannunsa, ba mu da wanda za mu je mu tambaya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa saboda abin da hannunsa ya yi wa mutane. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Iya, ya ba Inna ƙarfin zaman da ya rage mata ba tare da yayanta ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.